Shuɗiyar Waya a Wuyan Akuyar Yaya Gide

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da ku mazan da kuke laɓewa kuna karantawa, in an tambaye ku ku ce ba ku san zancen ba. Ku matso. Abin da zan ba ku yau, ko yanzu na tuna shi sai na ji babban yatsana na dama ya yi sanyi.

Sunana Larai, amma a Faskari in ka ce Larai ba mai nuna maka gidanmu, sai ka ce Gwaggo alwanka. Ni nake wa amare wanka, ni nake sa musu lalle, ni nake raka su ɗaki. Jarina a duniya guda ne: in na faɗa wa mata magana, sun yarda. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidan yayana Malam Gide, na riƙe 'yarsa Zulaihatu da uwarta ta rasu ta bari tana rarrafe. Ban haihu ba, amma kada wanda ya ce min ba ni da 'ya.

A shekarun nan kuɗin man fetur ya yi ambaliya. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suka cika gari da sababbin babura, kowace yarinya da wayarta, biki kuwa in ba a ɗauki bidiyo ba kamar ba a ɗaura ba. A nan Maharazu ya samu sana'a. Ɗan Kankara ne, siriri, mai sanyin magana, yana yawo da kyamara daga garinsu har Sabuwa. Ya ga Zulai ya ce yana so, ita ma da na dubi idonta na san an gama. Har tsohuwar laftof ya samo mata tana buga wa mutane takardu.

Yaya Gide bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi, "Mai leƙen matan mutane ta gilashi? To, ina kallon shi. Ranar da na ji magana guda ta hito daga aikin nan nashi, ya manta hanyar gidanga." Maganar yayana kuwa zarar bunu ce.

Sai ga bikin 'yar Hajiya Fatsuma, wadda aka kai Sabuwa. Hajiya ta ce tana son a ɗauki yinin mata. Mata suka ce Allah ya kiyaye. Su tuɓe mayafi, su ci ɗamara, su taka kiɗan ƙwarya, gobe ƙarti su kalla a majalisa? Ni na miƙe a tsakar gida na dafa ƙirji. Na ce Zulai ce za ta riƙe kyamarar, abin da aka ɗauka a ɗakina zai kwana, idon namiji ba zai gan shi ba, ko na mai kyamarar. Suka ce, "In Gwaggo ta faɗa, shi ke nan." Aka rufe ƙofa. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Matar limamin unguwarmu ta yar da gyale tana juyi kamar budurwa. Inna Nana, mahaifiyar Hajiya Fatsuma, tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta ɗaga sandarta sama ta shiga fili, kai ba kallabi, furfura fes, tana wa jikarta kirari.

Lallen amarya bai gama fita ba Inna Nana ta rasu. Da na je gaisuwa Hajiya Fatsuma ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, ki riƙe min hoton nan da kyau. Shi kaɗai ya rage min inda zan ga Inna tana motsi."

Kun ga amana biyu ke nan a wuyana: kada a gani, kada kuma ya ɓace.

Ga inda gizo ke saƙar. Laftof ɗin Zulai ba ta da ramin da wayar kyamara ke shiga. Sai Maharazu ya aro ta yayansa Ɗanliti, Zulai ta juye hoton a ciki da hannunta, ta goge kaset ɗin kamar yadda muka yi alƙawari, na tura laftof ɗin Ɗanlitin ƙarƙashin gadona na rufe da zannuwa. Shirin shi ne a maida hoton cikin tata a hankali. Sai rasuwa ta shiga, aka ce gobe, aka ce jibi. Shi kuwa Ɗanliti sana'arsa ita ce ranar kasuwa ya kafa laima, samari su miƙo memori su ce a cika musu, ya kwashe duk abin da ke cikin laftof ya zuba, ba duba ba tambaya.

Ranar da nake ba ku labari damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa, hadari ya haɗu tun hantsi. Yaya Gide ya tafi gonarsa ta hanyar Ruwan Godiya. Ina tankaɗe a rumfa sai Zulai ta fito da gudu, ɗaurin ƙirji, rigar atamfarta mai ruwan ganye a kafaɗa ba ta ma sa ba, kitso rabi a tsefe, waya a hannunta.

"Gwaggo, mun shiga uku."

"Ke kika shiga. Karanta min."

Ta karanta saƙon Maharazu: "Zulai kada ki tsorata. Yaya Ɗanliti zai zo Faskari yau ya karɓi laftof ɗinsa, gobe kasuwar Sheme ke ci. Na yi na yi ya ƙi bari. Ga ni nan a hanya. Don Allah kada ki goge komai."

Rariya ta suɓuce daga hannuna. Wallahi a take na hango matar liman tana juyi a wayar kowane ɗan kabu-kabu, daga Faskari har Sabuwa. Na hango gidajen da za a saki mata saboda ni. Ba a ɓari a kwashe duka.

"A goge shi!" na ce. Sai na tuna hannun Hajiya Fatsuma a nawa. "A'a, kada a goge. A hana shi laftof ɗin."

"Kayansa ne, Gwaggo. In ya tsaya ƙofa yana ɗaga murya, ai Baba zai ji."

"To a gaya mashi gaskiya."

"Ɗanliti? A ba kura ajiyar nama?"

"Ɗan abin nan da kike ratayawa a wuya fa?"

"Filashi? Gwaggo, kamar ki ce a juye rijiya cikin ludayi ne."

Ruwa ya fara sauka sa'ad da Maharazu ya yi sallama. Ya tsaya a zaure, farin kaftaninsa ya manne a jiki, laka har gwiwar wando. Ɗakina shi ne na farko in ka shigo, bango ɗaya tsakaninsa da zauren, akwai kuma 'yar taga can sama da murya ke wucewa. Ya miƙo min wata sabuwar igiyar waya toka-toka, mai kai biyu kamar na gilashi.

"Gwaggo, a sa kai ɗaya a bayan wannan, ɗaya a bayan waccan, sai hoton ya bi ta ciki. Zulai ta san ramin."

Muka ajiye laftof ɗin biyu a kan tabarma suna fuskantar juna kamar masu shirin dambe. Zulai ta soka, ƙas, ƙas.

"Akwai 'yar fitila a bakin ramin," in ji shi ta taga. "Ta kama?"

"Ba ta kama ba."

"Zare ki sake sokawa."

Ta sake. Ta kashe su ta kunna. Ta juya kan wayar, na nan ya koma can. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Kowane babur ya wuce a layi sai na ce Ɗanliti ne. A nan ne tsoro ya ci ƙarfina, ni da nake wa 'yan mata faɗa a kan kamun kai. Na leƙa zaure na ce, "Kai Maharazu, ba kowa a gidan. Shigo ka duba da idonka, mu huta."

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, in an buɗe wurin, hotunan na fitowa ƙanana-ƙanana a fuskar laftof ɗin. Ko na runtse ido, gobe in mata suka ce ki rantse namiji bai zauna gabanta a buɗe ba, mi za ki ce?"

Yaron da na girme wa uwarsa! Ya ma juya ya ba ƙofar cikin gida baya, ya fuskanci titi.

"Zulai," ya ce, "haɗa kawunan wayar biyu ki ɗaga su a haske. Akwai zaruruwa masu launi a ciki. Jerinsu iri ɗaya ne a duka biyun?"

Ta ƙura ido. "Iri ɗaya ne sak."

"Innalillahi. Garaje ya sa na ɗauko wadda ba ita ba. Wannan ta shagon intanet ce, sai da akwati a tsakani. Tsofaffin laftof irin waɗannan sai wadda aka harɗe zaruruwanta, bakin wannan ya faɗa kunnen waccan. Yanzu baki da baki muka haɗa, ba mai sauraro. Amma ai na sa miki irinta a jakar laftof ɗinki tun ranar da na kawo miki ita. Shuɗiya ce, doguwa."

Muka zazzage jaka, babu. Muka ɗaga katifa, muka buɗe adaka, na kifar da kwallar da nake ajiye turaren amare, har cikin tukunyar lalle na leƙa. Zulai ta fara kuka mara sauti, irin wanda ya fi ciwo.

"A samo wata mana," na ce.

"Sai Funtuwa, Gwaggo. Kafin in je in dawo ya zo ya tafi."

Sai akuya ta yi kuka a bayan ɗaki.

Ku da kuka tashi a birni ba ku sani ba: da shuka ta fito mai unguwa ke sa a yi shela, kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gonar mutane mai ita ya kuka da kansa. Yaya Gide na da wata jar akuya, shaiɗaniya, ba igiyar ramar da ba ta cinye. Sai na tuna shekaranjiya ya shigo yana murmushi yana cewa, "Na samo ma ja'irar igiyar da ba ta tauno." Ban ko ɗaga kai ba a lokacin.

Na fita cikin ruwa ba takalmi. Ga ta nan a turke, shuɗiyar waya a wuyanta, an yi mata ƙulli irin na manoma, kai ɗaya na lilo a ƙirjinta, ɗayan cikin taɓo da kashin awaki. Na durƙusa ina kwancewa da farce da haƙori, akuya na tunkuyina. Na cire kallabina na ɗaure ta da shi, na dawo da gudu.

"An samu! Amma ta tauna bayanta."

"Zaren ciki ya fito?"

"Bai fito ba."

"Alhamdu lillahi. Kada a sa ruwa. A ɗauki tsinken tsintsiya a cire lakar a hankali, a hura, a goge da busasshen ƙyalle."

Da gefen sabon mayafina na goge, wanda ko biki ban kai shi ba. Zulai ta soka kai ɗaya, ya ce ƙas. Ta soka ɗayan a laftof ɗin Ɗanliti, ya zamo ya faɗo. 'Yar maƙallar da ke riƙe shi ta karye a turke. Na ɗauka na tura da babban yatsana, na danne. Sai ga wata 'yar koriyar fitila, ƙanƙanuwa kamar idon sauro, ta yi ƙyaf.

"Ta kama!" Zulai ta yi ƙara.

"Kada a saki," in ji Maharazu. "In ya motsa ana tsakiyar turawa, sai an faro daga farko."

Na gyara durƙuso na ce a raina, yatsa, yau ko ni ko kai.

Amma ba a nan ta ƙare ba. Fitila ta kama, laftof ɗin ba su ga juna ba. Ya ce ta ba kowace lambar gida, ya faɗa mata lambobin ta taga tana bugawa. Wani rubutu ya fito, ta karanta masa da Turancinta.

"Lamba ɗaya kika ba su duka?"

"Ai abin da ka faɗa na sa."

"Unguwa ɗaya za su zauna, Zulai, amma gida daban. Farkon lambar iri ɗaya, ƙarshen ki sa ɗaya a taki, biyu a tashi."

"To ka faɗa tun farko mana! Kai komai sai ka yi kamar mai jin barci."

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Ku bar min shirme," na daka musu tsawa, "hannuna ya fara rawa."

Ta gyara, har yanzu shiru. Ya ce akwai wani maigadi a cikin kowace laftof da ke hana baƙo shiga, ta je ta kashe shi na ɗan lokaci, ta kuma ba da izinin shiga wurin da hoton yake. Ta yi. Sai na ga fuskarta ta washe. Ta ja hoton ta jefa, wani koren zare ya fito a gilashin ya fara tafiya. Tafiyar hawainiya. Wallahi tururuwa ta fi shi sauri.

Muna cikin haka na ji fitar ƙafafu huɗu ta zaure. Kallabi ai ba igiya ba ne. Kafin in ce wani abu na ji muryar da ta sa bayana ya jiƙe, ba da ruwan sama ba.

"Wa ya saki akuyar nan? Kai kuma mi kake yi a zaurena ka ba gida baya kamar mai gadin titi?"

Yaya Gide ya shigo, fartanya a kafaɗa, malfa na ɗiga, akuya a hannu yana ja da kallabina. Ya tsaya ƙofar ɗakina. Ya ga ƙanwarsa a durƙushe, kai ba ɗankwali, ta danne igiyar akuyarsa a gindin na'ura. Idonsa ya kai kan gilashin, ya hango alamar mata, nan take ya kau da kai gefe kamar an watsa masa barkono.

"Larai. Mi ke nan?"

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na faɗa masa duka, tun daga dafa ƙirjina har saƙon safe, ban ɗaga yatsa ba. Zulai ta dunƙule a lungu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na san a ranta ta riga ta yi bankwana da Maharazu. Ni ma na yi.

Ya juyo ya dube ni. Ruwa na zuba daga indararo.

"Yaron nan ya shigo ɗakinga?"

"Bai shigo ba, Yaya. Ni na ce ya shigo. Shi ya ƙi."

A daidai nan babur ya tsaya a ƙofar gida, aka kashe shi, aka yi sallama da ƙatuwar murya. Ɗanliti. Na dubi koren zaren, ko rabi bai kai ba. Na ce shi ke nan, Larai, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Yaya ya jingine fartanya, ya maƙale akuya a turmi, ya fita a hankali.

"Maraba, maraba da mutanen Kankara! Bismillah, ga tabarma."

"A'a Baba, sauri nake, kayana kawai zan karɓa."

"Sauri? A gidana? Ashe yanzu a Kankara an daina gaisuwa? Zauna. Ina gajiya? Ya ruwa? Ya mahaifinku, ƙafar tashi ta yi sauƙi? Ya mutanen Mabai, an ce tsutsa ta taɓa musu masara?"

Ban taɓa sanin yayana ya san mutane haka ba. Gida-gida ya bi Kankara yana tambaya, har waɗanda suka rasu ya tsaya ya yi musu addu'a, Ɗanliti na amsa amin a dole. Da gaisuwa ta ƙare ya ɗaga murya ya ce a dama wa baƙo fura, baƙo ba ya tashi gidanga da busasshen baki. Zulai ta fita ta dama, ta dama, furar da ba ta taɓa shan damu irin wannan ba. Ni kuwa yatsana ya mutu. Ciwon ya hau wuyan hannu, ya kai kafaɗa, ya sauka a ƙugu. Wani ƙuda ya zauna min a hanci ban iya kore shi ba. Atishawa ta taso, na haɗiye ta har hawaye suka zubo. Da Zulai ta dawo ta ga hannuna na karkarwa, ta ɗora nata a kan nawa, muka danne tare, kanta a kafaɗata.

"Gwaggo, batir ɗin tashi ya yi ja."

An ɗauke wuta tun safe. Na ce, "Rufe bakinki ki yi salati."

A zaure na ji Ɗanliti ya ajiye ludayi. "To Baba, na gode, a miƙo min..."

Sai ladan ya ɗaga murya, la'asar. Ban taɓa jin daɗin kiran salla irin na ranar ba, Allah ya yafe min dalilin.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Kai da abin duniya, bayan salla. Ku tashi mu tahi masallaci."

Kafin su fita Maharazu ya matso gindin taga kamar mai neman takalmi, ya ce ƙasa-ƙasa, "In ya gama ki buɗe a taki ki tabbatar, sannan ki goge a tashi. Ki shiga kwandon shara ma ki zubar."

Suna can zaren ya kai bango. Zulai ta buɗe a tata. Sai ga Inna Nana, sanda a sama, furfura fes, tana dariya da bakin da ba haƙori. Muka fashe da kuka mu biyu. Ta goge na Ɗanliti, ta zubar da shara, ta sake dubawa lungu-lungu, ta mayar masa da maigadinsa da lambarsa yadda suke. Tana rufewa laftof ɗin ta mutu da kanta. Sai da ta ɓanɓare yatsana daga jikin wayar, don ni na kasa ɗagawa. Shatin kan wayar ya zauna a naman kamar tsaga.

Ɗanliti ya karɓi kayansa yana ƙunƙuni a kan hanya ta yi laka, ya tafi bai san komai ba. Maharazu ya rage a zaure, ya durƙusa, jira yake a kore shi. Mu kuma muna bayan ƙyaure muna leƙe, Zulai riƙe da ƙwaryar furar da ta je ɗaukowa.

Yaya Gide ya shigo ɗakina bai dubi kowa ba, ya naɗe shuɗiyar wayar a hannu, ya je ya maida ta wuyan akuya, ya yi ƙullinsa na manoma, ya jefo min kallabina. Sannan ya koma zaure ya tsaya a kan yaron.

"Kai mai gilashi."

"Na'am, Baba."

"Igiyar nan taka ce, an ce?"

"Tawa ce, Baba, amma na bar..."

"Ban roƙe ka ba. Tana wuyan akuyata, kuma ba ni kwance ta don yaro ya yi magana. In kana son abinka, ka turo manyanka su zo su tambaya."

Ƙwarya ta faɗi daga hannun Zulai ta tsage gida biyu. Ranar kaɗai ce a rayuwata aka fasa min ƙwarya ban yi faɗa ba.